Sanƙarau a Ƙasar Magariya da Dungas

Tun kafin a san ƙwayoyin cuta, Hausawa sun lura cewa sanƙarau yakan zo da rani, ya lafa da faɗuwar damina. A 1887 Anton Weichselbaum ya gano ƙwayar da ke haddasa annobar, daga baya aka tabbatar iri-iri ce. Allurar rigakafin da Nijar ta soma a 2010 ta karya lagon nau'in A, amma nau'in C ya ɓulla. Tsakanin Nuwamba 2022 da Janairu 2023 mutum 559 suka kamu a jihar Damagaram, akasarinsu a Dungas. Wajibi ne littattafan yaƙi da jahilci su fayyace wannan bambanci, don kada talaka ya zaci allurar farko banza ce, ya ƙi ta biyu.