Marubucin da Ya Zama Nasa Kamfanin

Idan ana tarihin ƙagaggun labaran Hausa, daga gasar 1933 ake farawa, wadda Rupert East ya shirya a Zariya, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga nan aka faro, babu musu. Sai dai magabatan nan suna da hukuma a bayansu: ga mai gyara, ga mai bugawa, ga makarantu masu saye.

Mu da muka taso bayan tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 ba mu tarar da wannan gata ba. Kamfanin buga littattafai na NNPC, wanda ya fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, ya ja baya ga sababbin marubuta. Sai marubuci ya zama shi ne kamfanin kansa. A littafin makaranta ake rubutun, da biro, galibi da daddare. Mata kuwa sai an sauke tukunya, yara sun yi barci. Daga nan a kai wa mai buga tafireta, a harhaɗa kuɗin takarda, wata da adashi, wani da jarin sana'arsa, a buga, a ɗauka a kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari a Kano, a koma jiran ciniki.

Wannan hali shi ya tsara mana salo, kuma masu suka ba su cika lura da haka ba. Raba littafi kashi na ɗaya da na biyu da na uku ba ado ba ne, kuɗin na ɗaya ne ke buga na biyu. Dole ka tsaya a daidai inda mai karatu zai kasa haƙuri. A haka Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, ƙungiyar marubuta ta Raina Kama ta kafu. Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, ya soke shi, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare shi a jaridu. An ce soyayya kawai muke rubutawa, alhali auren dole da zaman kishi da karatun 'ya mace ne cike da littattafan. Matan aure da yawa a kansu suka iya karatun boko sosai, suna karɓar haya ko aro daga maƙwabta. A 2007 har ƙona wasu littattafan aka yi a Kano da sunan gyaran tarbiyya, kuma abin ya yi mana ciwo ƙwarai.

Yau kasuwar ta koma waya. Marubuciya na sakin shafi kullum a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu su tura kuɗi a saka su a zaure, su yi ta matsa mata ta kashe kishiyar ko ta dawo da saurayin. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta fito da ƙwararrun mata. Amma abin da muka rasa tun shekarun 1980 har yanzu bai dawo ba, wato mai gyara. Shafin da aka rubuta da asuba, kafin azahar ya shiga ɗaruruwan wayoyi, ba wanda ya duba ƙa'idar rubutu, ba wanda ya ce wa marubuciyar babin nan ya yi tsawo, a rage.