Ƙudan Tsando da Tarihin Dajin Birnin Gwari

Mu masu nazarin tarihi mun saba neman hujja a bakin dattawa da takardun Turawan mulki. Yau ina so in gabatar da wata shaida ta uku, wadda ke rubuce a jikin ƙwayar cuta.

Duk wanda ya san ƙasar Birnin Gwari ya san kurmin da ke bin gaɓar kogin Mariga da rassansa. Irin wannan inuwa mai laima ita ce mazaunin ƙudan tsando, mai ɗauke da ƙwayar da ke sa ɗan Adam ciwon barci, ta sa shanu da dawakai sammore. Saboda haka mayaƙan da ƙarfinsu ke bisa doki ba sa daɗewa a irin wannan daji, makiyayi kuma yakan kauce masa da damina. A ganina, ba za a fahimci yadda garuruwan yankin suka zauna nesa da juna ba sai an sa ƙudan nan cikin lissafi.

Annobar shekarun 1930 ce ta tilasta wa gwamnati kulawa. Tsakanin 1931 da 1940 an duba mutane fiye da miliyan 3 a Arewa, aka sami kusan dubu 400 da cutar. Daga nan aka sare kurmi a ƙasar Anchau, aka gina Takalafiya, daga baya aka kafa cibiyar binciken cutar a Kaduna da Vom. A 1936 kuwa aka keɓe dajin Kamuku, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999. Abin lura, hukuma ɗaya ce ke sare daji a gabas tana killace shi a yamma.

To, ina shaidar ta uku? A 2005 aka karanta dukan ƙwayoyin gadon wannan cuta, a 2014 na ƙudan kansa. A 2016 masana a Jami'ar Gilasgo suka kwatanta samfurori na irin da ke kama mutane a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da taimakon kwamfuta. Suka gano cewa duka daga kaka ɗaya suka fito, ta hanyar rabuwa biyu ba tare da barbara ba, kuma kakan bai wuce shekara dubu 10 ba. Wannan ya yi daidai da zamanin da noma da kiwo suka fara zaunar da mutane wuri ɗaya. Wato mai yiwuwa zaman ƙauye a bakin rafi ne ya ba cutar damar sabawa da jininmu.

Irin wannan bincike yana bukatar mutum ya shiga kurmi ya ɗana tarko, ya ɗebi jinin shanu a ruga. Tun daga shekarun 2010 'yan bindiga suka mayar da dajin Kamuku mafaka, ƙauyuka da dama suka watse, gonakinsu suka koma saura.