Kansar bayan hanci: inda sabbin magunguna ke auna cutar

A can saman maƙogwaro, bayan hanci, akwai wani lungu da likitocinmu masu aiki da faransanci ke kira cavum. Kansar da ke tsirowa a wurin ta kama mutane kimanin dubu 120 a duniya a shekarar 2022, ta kuma kashe sama da dubu 70. Ta fi yawa a kudancin Sin, musamman lardin Guangdong, da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, sai kuma maƙwabtanmu na arewa: Aljeriya, Tunisiya da Maroko.

Abin da ya bambanta ta da sauran kansar wuya shi ne ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964 cikin ƙari da aka ciro daga jikin wata yarinya a Uganda. Kusan kowane babba a duniya yana ɗauke da ita ba tare da ta dame shi ba. Amma a yankunan da cutar ta yi katutu, ana samun ƙwayar a cikin kusan kowane ƙari. Gado yana da nasa hannu, abinci ma haka: an tabbatar da cewa kifin da ake adanawa da gishiri irin na kudancin Sin yana ƙara haɗari, musamman in an saba cinsa tun yarinta.

Har yanzu gashi da haske shi ne ginshiƙin magani, a haɗe da maganin kimiyya irin su cisplatine, kuma wanda aka gano da wuri yakan warke. Matsalar tana ga wanda cutar ta dawo masa ko ta bazu. Don irinsa ne ake neman wata kafa a jikin ƙwayar kansa da za a auna ita kaɗai, a bar lafiyayyen nama.

Kafar da aka fara sa rai a kanta ita ce EGFR, wani makarɓi da ke saman ƙwayar halitta yana ba ta umarnin hayayyafa. Yawancin ƙarin bayan hanci suna da shi fiye da kima. An gwada cetuximab, an kuma gwada nimotuzumab, maganin da aka ƙirƙiro a Habana ta ƙasar Kuba, wanda Sin ta amince a haɗa shi da gashi. An ga amfani, sai dai bai kai yadda aka zata ba. Hanya ta biyu, wato toshe jijiyoyin jini da ƙari ke tsirarwa don ya ci abinci, ta zo da nata haɗari: a wani gwajin sunitinib a Hong Kong, marasa lafiyar da aka riga aka gasa musu wurin sun yi fama da zubar jini mai tsanani.

Inda aka dace shi ne wajen garkuwar jiki. Wannan ƙari cike yake da sojojin jini, amma yana ɗaure musu hannu ta hanyar wani maɓalli mai suna PD-1. Sabbin magungunan suna kwance wannan ɗaurin. A gwajin JUPITER-02, mai mutane 289, waɗanda aka ƙara wa toripalimab a kan gemcitabine da cisplatine sun kai matsakaicin wata 21 kafin cutar ta ci gaba, sauran kuwa wata 8 kawai. Amurka ta amince da maganin a watan Oktoba na 2023, Tarayyar Turai ta bi baya a 2024. Abin lura, kamfanonin Sin ne suka samar da shi da takwarorinsa camrelizumab da tislelizumab, tunda a can ciwon ya fi ci musu tuwo a ƙwarya. Suna da illa: garkuwar da aka kwance tana iya juyowa kan huhu, hanji ko maƙoƙo.

Ita kanta ƙwayar Epstein-Barr, wadda a hankalce ita ce ta fi dacewa a auna, ta fi wuyar kamu. Furotin ɗinta LMP1 da EBNA1 suna taimaka wa ƙari ya rayu, amma ba a kai ga maganin da aka amince da shi a kansu ba. Babban gwajin da aka yi na horar da sojojin jinin mara lafiya a kan ƙwayar bai tsawaita rai ba. Amfaninta ya fi fitowa wajen awo: a Hong Kong an auna jinin maza sama da dubu 20 don neman ɓurɓushinta, aka gano kansa a jikin 34, galibi tun tana ƙarama, kamar yadda aka wallafa a 2017.

A Nijar, cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai ta fara aikin gashi a 2021. Sabbin magungunan kuwa tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin iyalai, don haka saurin ganewa ne ya fi kusa da mai zama Maradi ko Damagaram. Alamun da ke kai mutum ga likitan hanci da kunne su ne kumburi marar zafi a gefen wuya, toshewar kunne ɗaya da ta ƙi wucewa ga babba, da haɓo ko majina mai jini. Sau da yawa ana ɗaukar kumburin a matsayin tarin fuka na wuya, kuma sai an ciri ɗan nama an auna ne ake rarrabe su.