Jan Baki: Tarihin Launin da Ya Ƙi Tsufa

Cikin kayan kwalliyar mata da wuya a samu wanda ya kai jan baki ƙanƙanta, da wuya kuma a samu wanda ya kai shi dogon tarihi. A ƴan shekarun nan manyan kamfanonin kwalliya na Turai da Amurka sun koma tallar ja wur marar ƙyalli, irin wanda taurarin silima suke shafawa a shekarun 1940 da 1950, suna sayar da shi da sunan kewar zamanin da ya shuɗe. Tambayar da ta kamaci mai nazarin tarihi ita ce: wane zamani ake kewa, kuma me matan wancan lokaci suke nufi da wannan launi?

Rina fuska al'ada ce da ta girmi kowace daula da take tsaye yau. A birnin Ur, cikin Iraki ta yanzu, masu tonon kayan tarihi ƙarƙashin jagorancin Leonard Woolley sun buɗe kabarin sarauniya Puabi a ƙarshen shekarun 1920, suka tarar da bawon kifin teku ɗauke da launukan kwalliya da suka kai wajen shekara 4500. Shi kuwa ja mafi tsada a Turai daga Meksiko ya fito. Bayan Sifaniyawa sun ci ƙasar a 1521, sai suka riƙa kwaso wani ɗan ƙwaro da yake rayuwa a jikin wata shuka mai ƙaya, wanda ake shanyawa a daka a fitar da rini. Sai an tara wajen ƙwaro dubu 70 kafin a samu rabin kilo, kuma har yau ana zuba wannan rini cikin wasu kayan shafa.

Duk da wannan tsufa, a ƙarni na 19 matar da take son a ga mutuncinta a Ingila ko Faransa ba ta fita da jan leɓe, don ana ganin kwalliyar ƴan wasan kwaikwayo ce da matan bariki. Abubuwa biyu suka kawar da wannan ƙyama. Na farko mazubi ne: a 1915 aka fara sayar da jan baki cikin ɗan bututun ƙarfe a Amurka, a 1923 kuma James Bruce Mason ya yi rajistar wanda ake murzawa ya fito, abin ya zama mai sauƙin ɗauka cikin jaka. Na biyu silima ce. Fim ɗin farko-farko yana mayar da ja ya koma baƙi, saboda haka leɓen taurari irin su Clara Bow yakan fito sarai a majigi, ƴan mata suka shiga kwaikwayo. A Faransa masanin harhaɗa sinadarai Paul Baudecroux ya fitar da Rouge Baiser a 1927, aka san shi da rashin gogewa da wuri.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya ɗora wa launin nauyin da bai taɓa ɗauka ba. Maza sun tafi fagen daga, mata sun cika masana'antu da barikokin soja, hukumomi kuma suna son a ga har yanzu rayuwa na tafiya yadda aka saba. Lokacin da rundunar sojan ruwa ta Marines a Amurka ta sake ɗaukar mata a 1943, kamfanin Elizabeth Arden ya haɗa musu Montezuma Red don ya dace da jan igiyar da take jikin hularsu. Shaida mafi ratsa zuciya kuwa daga Jamus ta fito. Sojojin Ingila sun shiga sansanin Bergen-Belsen a ranar 15 ga Afrilu 1945, suka tarar da dubban gawawwaki da mutanen da yunwa da cuta suka ƙarar. Wani hafsan likitocin soja, Mervin Willett Gonin, ya rubuta cewa ana cikin neman magani da abinci sai ga kayan agaji ɗauke da jan baki mai yawa. Da farko ya ga abin ba shi da kan gado, amma daga baya ya lura matan da aka mayar lamba a hannu sun shafa shi, suka sake jin su mutane ne.

Bayan yaƙi launin ya koma hannun ƴan talla. Revlon ya fitar da Fire and Ice a 1952, gidan Christian Dior ya fitar da nasa a 1953, fim mai launi kuma ya manna ja wur a fuskar Marilyn Monroe. Wannan ita ce surar da ake kira ta da. Shekarun 1960 sun juya zuwa launi mai haske, na 1990 suka so ruwan ƙasa, sai a 1999 kamfanin MAC ya fitar da Ruby Woo, wanda ya sake buɗe ƙofar tsohon ja. Ko annobar korona ta 2020, da takunkumin fuska ya karya kasuwar jan baki, ba ta kashe shi ba. Ana cire takunkumi ya dawo.

Ƙasar Hausa tana da nata babi. Tun kafin zuwan bututun Turawa mata suna rina haƙora da leɓe da furen taba da goro, abin da ake kira cin fure, kuma ana ƙirga shi cikin ado tare da lalle da kwalli. A arewa kuwa samarin Wodaaɓe, waɗanda ake gani a taron In-Gall, baƙi suke shafawa a leɓe don farin haƙori ya fito. Harshen ma ya adana shaida: ko launin ruwan hoda ne ko ruwan ƙasa, Bahaushe jan baki yake ce masa, domin ja shi ne asali. Matan da Philippe Koudjina ya ɗauka hoto a wuraren raye-rayen Yamai bayan samun ƴancin kai na 1960 sun tsaya tsakanin waɗannan al'adu biyu, ta iyayensu da ta majigi.

A nan ne malami da mai kula da al'adu suke da aiki. Talla tana ɗauko launi ta bar labarinsa: tana nuna leɓen tauraruwa, ba ta nuna ma'aikaciyar masana'antar harsashi ko fursunar Bergen-Belsen. Haka nan yarinyar Maraɗi ko Damagaram tana iya sanin sunan Ruby Woo daga wayar hannu alhali ba ta taɓa jin yadda kakarta take cin fure ba. Tsofaffin da suka san wannan ado suna raguwa, hotunansu kuma suna lalacewa cikin akwatuna. Ƙungiyar da ta tattara hotunan, ta rubuta bayanin masu su tun suna raye, ta ceto wani yanki na tarihin mata da ba a samun sa a kundin gwamnati.