Yaƙin Basasar Kano: Tsakanin Ƙaddara da Zaɓin Mutum

Turawa suna da wani irin wasan kwaikwayo wanda ba ya ƙarewa sai da mutuwa. Wani mawallafinsu na Ingila, Shekisfiya, ya tsara ɗaya a kan wani barde mai suna Makbes, wanda bokaye suka yi wa albishir da sarauta. Ya kasa haƙuri ta zo da kanta, ya kashe sarkinsa ya hau, daga bisani shi ma takobi ya ci shi. Masu kallo su kan watse suna gardama, wasu su ce rabonsa ne, wasu su ce shi ya jawo wa kansa. To, mu ba sai mun je Ingila neman irin wannan labari ba. Nan Beli, a yammacin ƙasar Kano, na tashi na tarar tsofaffi in za su faɗi daɗewar abu sai su ce, tun zamanin Basasa. Ga labarin Basasar nan, mai karatu ya auna da kansa.

Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. 'Ya'yansa uku suka gaje shi bi da bi, watau Usmanu, da Abdullahi, da Muhammadu Bello. Abdullahi ya hau a 1855, ya daɗe ƙwarai, Allah kuwa ya ba shi 'ya'ya da yawa. Ya rasu a Karofi kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, don haka a ke ce masa Maje Karofi. Cikin 'ya'yansa wanda ya fi suna shi ne Yusufu, wanda ya taɓa riƙe sarautar Galadima.

Sa'ad da Bello ya hau, sai ya shiga gyara wa ɗansa Tukur hanya. Ya tuɓe 'ya'yan wansa daga sarautunsu, ya ture mutanensu, ya ba Tukur Galadima. Son ɗa ba laifi ba ne, amma sarki uban kowa ne, in ya raba gidansa biyu ya raba ƙasa. Nan aka fara shuka abin da aka girba daga baya.

A shekarar 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda a ke yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya kai yaƙi Argungu. Sarkin Kabi Sama ya fatattaki rundunarsa. A ran nan Galadima Tukur ya nuna jarunta wadda ta shiga ran Sarkin Musulmi, har ya ƙudura in Kano ta faɗi shi zai ba. Aka yi shekara guda, a ƙarshen 1893, Bello ya rasu. Wazirin Sakkwato Buhari kuwa yana Kano a lokacin, ya ga inda hankalin jama'a ya karkata, ya san Yusufu a ke so. Ya sanad da ubangidansa, amma Sarkin Musulmi ya kafe, ya ce Tukur za a naɗa. Waziri bawan umurni ne, ya naɗa Tukur. Alkawari kaya ne, gaskiya ne, amma wannan kaya a kan Kanawa aka ɗora shi.

Yusufu ya ga ba zama. Ya fita birni da 'yan'uwansa da bayin gidan ubansa da duk mai ƙin Tukur, suka nufi kudu maso gabas, suka kafa sansani a Takai. Ƙasa ta rabu, ga Tukurawa ga Yusufawa, dukkansu kuwa jikokin Dabo su ke bi. Basasa ke nan, yaƙin da mai sara da wanda a ke sara alƙiblarsu ɗaya, kakansu ɗaya. Aka ƙone garuruwa, gonaki suka zama saura, aka kama ɗiyan Musulmi aka sayar kamar bayi. Sarkin Musulmi ya aika wa sarakunan gabas su taimaki Tukur, yawancinsu suka yi ta jan ƙafa, don ba su ga dalilin zub da jinin mutanensu a kan rigimar gida ba.

Ana cikin haka, a 1894, ciwo ya kama Yusufu, ya rasu a Garko. Dubi ikon Allah! Mutumin da aka ta da ƙasa dominsa bai ƙara taka ƙofar Kano ba, ba kuwa kibiya ce ta kashe shi ba. Jama'arsa suka yi mubaya'a ga ƙanensa Aliyu, wanda aka fi sani da Alu, wanda mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce. Kafin shekarar ta ƙare Alu ya ci birni. Tukur ya fita da sauran mutanensa ya sauka a Kamri, wajen iyakar Katsina. A watan Maris na 1895 aka gwabza a Tafashiya, aka yi wa Tukur rauni, ya cika. Zamansa a gidan sarautar Kano bai kai shekara ba. Sarkin Musulmi kuma, bayan duk wannan jini, dole ya yarda da Alu, watau ɗan gidan nan da ya ƙi tun farko.

Shi ma Alu bai sha ta da sanyi ba. Ya yi ta fama da Damagaram daga arewa, ga Turawa suna matsowa daga kudu. Abdurrahman ya rasu a 1902. A farkon 1903 Alu ya ɗebi mayaƙansa ya tafi Sakkwato gai da sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Yana can sojan Ingila suka fasa Kano ran 3 ga Fabrairu. Labari ya iske shi a kan hanyar komowa. Nan 'ya'yan Maje Karofi uku suka kama hanya uku. Alu ya sulale da dare ya bar rundunarsa, aka kama shi, aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Waziri Ahmadu ya zaɓi faɗa, ya faɗi a Kwatarkwashi, shi ya sa a ke ce masa Mai Shahada. Wambai Abbas ya komo da jama'a Kano, aka naɗa shi sarki, daga baya kuma sarauta ta zauna a gidansa.

To, wa za a ɗora wa laifi, ƙaddara ko mutane? Mun karanta tun muna makarantar allo cewa ajali ba ya gaba ba ya baya. Ranar Yusufu a Garko da ranar Tukur a Tafashiya rubutattu ne tun ba a haife su ba. Amma malamanmu sun koya mana har wa yau cewa za a tambayi kowa abin da hannunsa ya aikata, da ba shi da zaɓi kuwa da ba a tambaye shi ba. Ba wanda ya tilasta wa Bello tuɓe 'ya'yan wansa. An ba Ɗanyen Kasko shawara, kunnensa ya ji, ya ƙi. Abin da ya fi ban tsoro cikin labarin shi ne, ba wanda ya tashi da niyyar rushe Kano. Wannan ɗansa ya ke so, wancan alkawarinsa ya ke cikawa, ɗayan hakkinsa ya ke nema. Kowa ya riƙe tasa gaskiya shi kaɗai, ya ƙi duban ta ɗan'uwansa, talakan da ba a shawarta ba shi ya biya da gonarsa da 'ya'yansa.

Sabo da haka wanda Allah ya ba riƙon jama'a, ko gari ne, ko unguwa, ko gidansa kaɗai, in za a raba gado ko a naɗa magaji, ya saurari mai faɗa masa abin da ba ya so ya ji. Ya yi shawara tun magana tana zaure, kafin ta fita fili. In ya yi wannan abu ya ɓaci, sa'an nan ya ce ƙaddara ta riga fata, ba mai zarginsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kiyashe mu tashin hankali tsakanin 'yan'uwa, amin.