Rumbun Yusufu, Garkar Nabot, da Ruwan Bakolori

Duk wanda ya yi wayo kafin farin 1972 zuwa 1974 ba ya bukatar a ba shi labarinsa. Damina ta riƙa yankewa tun gero bai fid da kai ba, shanu suka faɗi daga ƙasar Nijar har zuwa Sakkwato da Katsina, rumbuna suka koma wofi. A cikin waɗannan shekarun ne kuma farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya, baitulmalin Nijeriya ya cika. Yunwa a ƙauye, kuɗi a Legas: daga haɗuwar waɗannan biyu aka haifi madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, aka gama ginin a 1978. Tafkin ya shafe fili kimanin kadada 8,000 ta wajen Maradun, aka kuma shata dubban kadada na noman rani a ƙasashen Mafara da Bakura.

'Yan'uwa, niyyar ba mummuna ba ce. Mai karanta Farawa sura 41 ya san cewa tanadi domin shekarun yunwa hikima ce daga Allah. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai, ya ceci Masar, ya ceci gidan mahaifinsa. Wannan muke koya wa yara a makarantar Lahadi, kuma gaskiya ne. Amma ba kasafai muke kai su sura 47 ba. A can, da yunwa ta tsananta, Masarawa suka sayi hatsi da kuɗinsu har ya ƙare, suka ba da dabbobinsu, daga bisani suka miƙa gonakinsu da kawunansu. Yunwa ta wuce, ƙasa ta zama ta Fir'auna, manomi yana biyan kashi ɗaya cikin biyar a gonar da ubansa ya bar masa. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan don ya kare sunan Yusufu ba. Ya rubuta ceton, ya rubuta kuma abin da talaka ya biya.

Abin da aka biya a Bakolori ke nan. Mutane wajen 13,000 aka tasa daga inda ruwa zai kwanta, aka mai da su tudu, inda ƙasa ba ta kai fadamar da suka bari albarka ba. A filin noman rani kuma, injuna suka baje gonaki, suka tumɓuke itatuwan amfani, suka share iyakokin da kowa ya gada ya sani. Manoma suka yi damuna suna kallon gonakinsu ba damar shuka. Na ƙasan madatsar, da suka dogara ga ambaliyar kowace shekara don shinkafa da kifi, suka ga ruwan ya ja baya. A shekarar 1978 ɗin nan ce gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da dokar da ta danƙa dukan ƙasa a hannun gwamnan jiha. Diyya ta yi jinkiri, inda ta zo ma ba ta isa ba. Da kuka ya ƙi amfani, manoma suka tare hanyoyi, suka tsayar da aiki. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga ƙauyuka, har da Birnin Tudu, suka buɗe wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan. Mutanen wurin da masu bincike suka ƙirga fiye da ɗari uku.

A nan ne nake so mu buɗe 1 Sarakuna sura 21. Sarki Ahab bai fara da ƙwace ba. Ya yi wa Nabot mutumin Yezreyel tayin diyya: ko garka wadda ta fi tasa, ko kuɗi. A idon fada, wannan adalci ne har da ƙari. Nabot ya ƙi, domin gadon kakanninsa ne, kuma bisa ga Littafin Firistoci sura 25 ƙasa ta Ubangiji ce, ba a sayar da ita har abada. A shekara ta hamsin kowa ya koma kan gadonsa. Ina ganin jama'ar da ta ɗanɗana zaman Masar ce aka ba wannan doka, don kada abin da ya sami manoman Fir'auna ya sake samun jikokinsu. Sauran labarin mun san shi: wasiƙun Yezebel, shaidun zur, jifa a bayan gari, sa'an nan annabi Iliya ya tarar da sarki a tsakiyar garkar.

Ga abin da ya daɗe yana ba ni mamaki. Ahab babban sarki ne a zamaninsa. Wani dutse da Shalmanesar na Uku, sarkin Assuriya, ya sa aka rubuta yana ambaton Ahab Ba'isra'ile a yaƙin Karkar, shekara 853 kafin haihuwar Almasihu, da karusai 2,000. Ga marubutan fadar Assuriya, wannan ne babban al'amarin zamanin. Littafi Mai Tsarki ko ambaton yaƙin bai yi ba. Gidan hauren giwa da Ahab ya gina da biranen da ya kafa, aya ɗaya suka samu. Garkar talaka guda kuwa ta sami sura sukutum, kuma a 2 Sarakuna sura 9, ranar da gidan Ahab ya faɗi a hannun Yehu, a filin Nabot aka jefar da gawar Yoram ɗan sarki. Masu sarauta suna auna juyin tarihi da tsawon gini da yawan karusai. Marubucin Sarakuna ya sa sandarsa a ranar da aka zubar da jinin mai garka.

Ba na cewa kowane injiniya Ahab ne, ba na kuma cewa a rushe madatsar. Ruwan Bakolori yana ciyar da gidaje masu yawa har yau. Shinkafar da muke kawowa baikon godiya, wata daga magudanansa ta fito. Yusufu da Nabot duka suna cikin littafi guda, ba mu da izinin yage shafin ɗaya daga cikinsu.

Waɗanda suka mutu a 1980 Musulmi ne galibinsu, maƙwabtanmu. Iliya bai kasance ɗan'uwan Nabot ba, babu inda aka ce yana da gona a Yezreyel. Aike ne ya kai shi. Mu da muke ƙalilan a Zamfara mukan iya lissafin raunukanmu da kyau, mu manta da na gidan da ke jikin katangarmu. Yau kuma manoman Maradun da Bakura da Mafara suna barin gonakinsu saboda 'yan bindiga, waɗansu suna biyan kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka shuka. Akwai tsofaffi a ƙauyukan nan da aka raba su da gona sau biyu a rayuwa ɗaya, da ruwa a ƙuruciyarsu, da bindiga a tsufansu, kuma idan ka zauna da su za su nuna maka da hannu wajen da gidan ubansu yake a ƙarƙashin tafkin.