Mutuwa Rigar Kowa: Daga Zanen Holbein Zuwa Waƙoƙin Wa'azi

Mu mazauna Limawa, da yawanmu jikokin waɗanda layin dogo ya kawo Minna ne, layin da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911. Kakanninmu sun zo nema da niyyar komawa gida, amma galibinsu ƙasar nan ce ta rufe su.

Wannan ya tuna mini da wani ɗan littafi da aka buga a birnin Liyon na Faransa a 1538. Hotuna 41 ne, Hans Holbein ya zana, aka sassaƙa su a jikin katako, aka shafa tawada aka danna a takarda. A yawancinsu mutuwa ce ke zuwa a siffar ƙwarangwal, ta tarar da mutum yana tsakiyar harkarsa: sarki kan abinci, attajiri kan kuɗinsa, manomi a gona, har yaro ƙarami ta janye daga gaban uwarsa. Turai ba ta manta da annobar da ta soma a 1347 ba. Kafin zuwan ɗab'i, sai a bangon coci da maƙabarta aka fi ganin irin wannan zane. Injin bugu ne ya kai shi hannun jama'a.

Mu ba mu zana mutuwa ba, rera ta muka yi. Malaman jihadi sun cika ƙasar Hausa da waƙoƙin wa'azi cikin ajami, masu bayanin fitar rai, wanka, likkafani, daren farko a kabari da tambayar Munkar da Nakir. Almajirai ke kwafe su da hannu. A 1896 C. H. Robinson ya buga wasu a Kambirij ta Ingila. Bayan an kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, irin su Gangar Wa'azu da Infiraji ta makahon malamin nan Aliyu Namangi suka zama 'yan littattafan da ake shimfiɗawa a ƙofar masallaci ranar Juma'a.

Hanya daban, saƙo ɗaya: ba sarki, ba talaka, kowa yana kan layi.

To ɗan'uwa, kai da ke tara bulo a ƙauye don ranar komawa, gina abinka. Amma biya bashin maƙwabcinka na nan, ka kuma rubuta wasiyya tun kana da ƙarfi.

Allah ya sa mu cika da imani, amin.